Ƴan juri ma zuciya gare su

Assalamu alaikum Malam Edita.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan tsarin nan na Amurka da Ingila, inda ake ɗauko mutum 12 cikin jama'a, wato ƴan juri, su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin ko bai aikata ba. Ana yabon tsarin sosai, amma gaskiya akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya.

Shaida zai tsaya ya nuna mutum ya ce wallahi shi na gani, muryarsa ko rawa ba ta yi, shikenan juri sun gamsu, alhali ƙungiyar Innocence Project ta Amurka, mai fafutukar wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, ta gano kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda gwajin DNA ya wanke bayan sun sha ɗauri, kuskuren shaidar ido na cikin abin da ya kai su kurkuku, kuma kuskuren ya fi yawa in shaidan da wanda ake zargi ba launin fatarsu ɗaya ba. Ran mutum fa ake magana!

Ga kuma bin yawa. Tun gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya yi a 1951 aka ga mutum na iya bin amsar da idonsa ke ce masa ba daidai ba ce don kawai kowa ya faɗe ta, to ina ga ɗan juri ɗaya a ɗakin shawara da sauran 11 da suka gaji suna so su tafi gida?

Ni dai ina ganin alƙali ya riƙa yi musu bayanin wannan tun kafin a fara shari'a, ƙuri'ar farko da ƴan juri za su kaɗa kan hukunci kuma a yi ta a asirce.

Naku, mai karanta jaridarku kullum.