Amsa ga ɗan'uwanmu na Nima mai shirin zagaya Faransa da mota

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka.

Na karanta wasiƙar da kuka buga ta wani ɗan'uwa daga unguwar Nima ta Accra, wanda ya ce Allah ya hore masa zai kai iyalinsa Faransa a hutun yara, zai ɗauki hayar mota, kuma cikin kwana goma yana son ya taɓa Faris da Nis da Bodo. Ya nemi shawarar wanda ya taɓa zuwa. Ni na je bara tare da Hajiya, wurin 'yarmu da ke aure a Liyon, kuma mota ce sana'ata, shekara 30 ke nan ina sayar da kayan gyaranta a Magazin ta Suame, unguwar makanikai a Kumasi. Shi ya sa nake roƙon fili in ba shi amsa.

Alhaji, don Allah ka sauke wannan lissafin. Daga Faris zuwa Nis ya haura kilomita 900, ya fi Accra zuwa Paga da ke iyakar arewacin Ghana. Daga Nis zuwa Bodo wajen 800 ne, sannan ka komo Faris da kusan 600. Titinsu sumul yake, gaskiya ne, amma gadon bayan mutum ba ƙarfe ba ne, yara kuma ba ruwansu da kyan kwalta in zama ya ishe su. Za ka dawo gida, makwabta su zo sannu da zuwa, ka rasa labarin da za ka ba su sai na gidajen mai da bayan tireloli.

Kakana falke ne. Goro ya kawo shi daga Kano ta Salaga, har ya zauna a Kumasi. Mahaifinmu ya sha gaya mana maganarsa, cewa madugu kafin ya ce a sauke kaya sai ya tambayi inda ruwa yake, da inda jakuna za su kwana, da irin mutanen da ke wurin. Daga nan ma sunan unguwanninmu ya samo asali, zango. Shawarata ke nan gare ka: ka nemi gari ɗaya ka yada zango na mako guda, kullum da safe ka fita kewaye da shi, da yamma ka dawo ɗakin da ka saba da shi.

Mu ma sai da muka sha wuya kafin mu gane. Surukina ya nuna mana hoton wani ƙaramin ƙauye a kan dutse, gidaje na duwatsu, furanni a kowace taga, Hajiya ta ce nan take so. Muka isa bayan la'asar. Kyau kam akwai shi. Amma kanti ɗaya ne a ƙauyen, kuma ƙarfe bakwai ya rufe. Gidan abinci ɗaya, da surukina ya bi takardar abincin layi-layi, abin da babu alade a ciki an dafa shi da giya. Burodi da cuku muka ci muka kwanta, jikokina biyu suna ta ƙunƙuni. Irin waɗannan ƙauyuka na a je da hantsi ne, a sha kallo, a juya kafin yunwa.

Washegari muka gangara garin da nake son in ba ka labarinsa. A allon hanya Annecy za ka gani, su kuma Ansi suke cewa. Daga Liyon kamar kilomita 140 ne, ka ɗauki babbar hanya ta A43 zuwa wajen Chambéry, ka karkata A41, sa'a ɗaya da rabi ka isa. A hanya za ka ratsa cikin dutse ta wani rami mai tsawon kilomita uku, a nan Hajiya ta yi ta salati har muka fito.

Garin yana bakin tafki ne, duwatsu sun kewaye shi. Duk ɗan Kumasi da ya gan shi sai tafkin Bosomtwe ya faɗo masa a rai, sai dai wannan dogo ne, wajen kilomita 14, kuma ruwansa garau, kana tsaye a gada kana ƙirga tsakuwa a ƙasa. Na tambayi dalili, aka ce mini da can ya fara lalacewa, sai a 1957, shekarar da mu a Ghana muka sami 'yancin kanmu, garuruwan da ke bakinsa suka haɗa kai don hana ruwan kwata shiga cikinsa. Na daɗe a kan gadar nan ina tunanin rafin da ya ratsa unguwarmu Aboabo, wanda leda ta cika, alhali dattawanmu sun ce sun yi wanka a ciki suna yara. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Daga tafkin wani ɗan kogi mai suna Thiou yake fita ya bi ta tsakiyar tsohon gari, gidaje masu launin ruwan ƙwai da ja-ja a gefe da gefe. A tsakiyar ruwan akwai wani gini na dutse mai kama da goshin jirgi, tun ƙarni na 12, wanda ya taɓa zama kurkuku. Kowa a nan yake ɗaukar hoto. Ni kasuwar ce ta fi burge ni. Talata da Juma'a da Lahadi da safe take ci a cikin lungunan, manoma suna saukowa daga duwatsu da cuku da zuma da kayan lambu. Ba ta kai rumfa goma na kasuwar Kejetia ta Kumasi hayaniya ba, kuma ba a tayi, abin da aka rubuta shi za ka biya. Hajiya ta sami tumatir da albasa da kifin tafki, surukina ya kai mu mahautar da aka rubuta halal a ƙofarta, muka koma masauki ta yi mana miya. Daga ranar hankalin kowa ya kwanta. Don haka ka nemi masauki mai wurin girki da wurin ajiye mota, a gefen gari, domin a watan Yuli da Agusta tsakiyar Ansi cike take da baƙi, ɗaki da tsada, wurin fakin kuma sai an sha zagaye. Abincin da suke alfahari da shi, na dankali da cuku da ake kira tartiflette, akwai alade a ciki, kada ƙamshi ya ja yara.

Ranar Juma'a muka ci kasuwa da safe, muka wuce masallaci. Larabawan Magrib ne suka fi yawa, da Turkawa, da 'yan Afirka ta Yamma jefi-jefi. Wani ɗan Gine ya ga hulata ya riƙe hannuna kamar ya shekara da sanina. Batun salla sai ka shirya masa: a farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, lisha ta wuce sha ɗaya, asuba kuma tun wajen huɗu. Mu da muka saba magariba ƙarfe shida duk shekara, kwana biyun farko jikinmu ya rikice. Mai sauya masauki kullum ba zai taɓa daidaita barcinsa ba, ga tuƙi yana jiransa da safe.

Fitar da muka riƙa yi gajeru ne. Zagayen tafkin gaba ɗaya kamar kilomita 40 ne, ka tsaya a Talloires yara su shiga ruwa, ka hau Col de la Forclaz ka ga masu laimar tashi suna faɗowa daga bakin dutse suna shawagi a kan tafkin. Hanyar hawan ƙunci gare ta da kwana-kwana, ka sa motar a giya ta biyu ka sauko, kada ka dafa birki. Janeba ta Suwizalan ma kilomita 40 ce kacal, kuma bizar Shengen ɗin da ke fasfonka, wadda ka shiga Faransa da ita, ta isa, sai dai ka gaya wa masu hayar mota tun farko, kuma babbar hanyar Suwizalan tana buƙatar takardar izini ta shekara, ta faran 40 na kuɗinsu.

Tuƙin kansa ba zai ba ka wuya ba, dama suke bi kamar yadda muka koma tun 1974. Ka karɓi lasisin ƙasa da ƙasa a DVLA, hukumar lasisin tuƙi, kafin ka tashi. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, in otomatik kake so ka nema da wuri. Iyakar gudu a babbar hanya kilomita 130 ne a sa'a, in ana ruwa 110, a yawancin ƙananan hanyoyi 80, cikin gari 50 ko ƙasa da haka. Ba ɗan sanda za ka gani ba balle ka ba da haƙuri, kyamara ce, tarar kuma za ta biyo ka ta hannun kamfanin haya. Abin da ya fi kama baƙo shi ne mahaɗar da babu alama: wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko daga lungu ya fito. A gidan mai, gazole shi ne dizal, ka karanta murfin tanki sau biyu, na ga injin da aka kashe da wannan kuskuren fiye da yadda zan ƙirga. Man manyan kantuna ya fi na bakin babbar hanya araha. Kuɗin hanya kuma ka ware masa kasonsa, ba kaɗan ba ne. Sannan ka guji Asabar ɗin ƙarshen Yuli da ta farkon Agusta, ranar da rabin ƙasar ke tafiya hutu rabi na dawowa. Hukumarsu mai hasashen cunkoso, Bison Futé, baƙin launi, alamar cunkoso mafi muni, take yawan sa wa irin wannan rana.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙonka kada ka bari. Arewa da Liyon kaɗan akwai ƙauyen Chasselay. A tsakiyar gonaki za ka hango jan gini mai tsinaye kamar an ɗauko shi daga Mali. Maƙabarta ce. A watan Yuni na 1940 sojojin Jamus suka kama sojojin Afirka da ke yi wa Faransa yaƙi a wannan yanki, suka ware su daga fararen, suka harbe su. A 1942 aka buɗe maƙabartar, sojojin Afirka ta Yamma 188 ne kwance a ciki. 'Yan Senegal ake ce musu, amma daga ko'ina cikin ƙasashen renon Faransa na yammacin Afirka aka kwaso su, wasu kaburburan ma ba suna. Kawuna ya yi yaƙin Bama a rundunar Gold Coast, shi Allah ya dawo da shi, a Kumasi muka binne shi da hannunmu. Waɗannan ba wanda ya zo musu daga gida. Muka cire takalma, muka yi musu addu'a, jikana ɗan shekara tara yana bin sunayen da yatsa yana karantawa, ya ce, "Kaka, ga mai sunan Baba."

Alhaji, taswirar da na yi amfani da ita tana nan a shago, da alamun da na sa da jan biro. In hanya ta biyo da kai Kumasi kafin tafiyar, ka karɓi lambata a ofishin jaridar nan, ka zo mu sha koko in ba ka ita. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Malam Edita, na gode da fili.

Naku,
Mai sayar da kayan mota,
Aboabo, Kumasi