Wasannin fiziks a waya: ta yaya za a gane yaro na ƙaruwa?

Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi tsokaci kan tambayar da iyaye ke yawan yi: shin wasanni irin su Angry Birds da Cut the Rope da World of Goo suna buɗe wa yaro kai, ko lokacinsa kawai suke ci?

Akwai ilimi na gaske a cikinsu. A Cut the Rope, wanda ya fito a 2010, alewa ce rataye a igiya tana lilo. In yaro ya yanke igiyar a ƙarshen lilon, inda alewar ta tsaya cak, sai ta faɗo kai tsaye. In ya yanke tana tsakiya, inda ta fi gudu, sai ta yi gaba. A Angry Birds na 2009, inda ake harba tsuntsaye da danƙo, in ƙarfin harbin ɗaya ne kuma aka sauka daidai tsayin da aka tashi, harbin da aka karkata digiri 45 ne ya fi nisa, na 30 da na 60 kuwa nisansu ɗaya, amma na 60 ya fi tashi sama, shi ya sa yake tsallake katanga. World of Goo na 2008 yana nuna cewa hasumiya mai siririn gindi kifewa take yi.

Sai dai yaro na iya haye matakai masu yawa bai fahimci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Dalili shi ne sake gwaji ba ya cin komai: danna maɓalli ɗaya, a koma farko. Yaro sai ya yi ta harbi barkatai har ya dace. Saboda haka yawan taurarin maki da ya tara a wasan ba shaida ba ce.

Ga yadda muke ba da shawarar a auna. Uba ko uwa su zauna kusa da shi na minti 15, kada su taimaka. Kafin ya harba a ce masa, "Nuna min da yatsa inda kake ganin zai sauka." In ya kuskure a tambaye shi me zai canza. Yaron da ke ƙaruwa abu ɗaya yake canzawa a kowane gwaji, ko ƙarfin jan danƙon ko karkatarsa, kuma yana iya faɗin dalili ko da da kalmominsa na yara. Wanda ke canza komai lokaci guda, ko yake rugawa maɓallin satar amsa da zarar ya faɗi sau biyu, bai fara koyo ba tukuna. Wasan da ke sa a kalli talla kafin a ba da amsa kuwa, gara a sauke shi daga wayar.

Bayan haka a ajiye wayar a gwada da hannu. A ɗaure ƙaramin dutse da zare mai tsawon santimita 25, wani kuma da zare mai mita 1, a auna daga inda aka rataye zuwa tsakiyar dutsen. A ja shi gefe kaɗan a sake, kada a tura, domin turawa na ɓata lissafin. Zuwa da dawowa 10 zai ɗauki kusan daƙiƙa 10 a gajeren, kusan 20 a dogon. Sai a sa dutse mai nauyi a tambayi yaron me zai faru. Yara da yawa za su ce zai fi sauri, alhali lokacin kusan bai canzawa. Kada a yi amfani da takarda ko auduga, iska za ta riƙe su.

A kuma riƙa faɗa wa yaro inda wasan ya saɓa wa gaskiya: a Angry Birds, shuɗin tsuntsun da ke rabuwa uku, da rawayan da ke ƙara gudu a sararin sama don an taɓa allo, dutsen da aka jefa ba ya yin haka.

Game da shekaru, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada zamansu gaban allo ya wuce awa ɗaya a rana, 'yan ƙasa da 2 kuwa kada a ba su. A ganinmu waɗannan wasanni sun fi amfanar yaron da ya kai shekara 6 ko 7, wanda zai iya hasashe kuma ya bayyana shi da baki.

Wassalam.
Daga wasu malaman kimiyya.