Zuwa Ga Gwamna Ahmed Aliyu: A Riƙa Komawa Wurin Dashe Da Kyamara

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya ƙara lafiya.

Ni mai ɗaukar hoto ne a garin Sakkwato. Da biki da suna da walimar sauka nake cin abinci, amma hoton da na fi ji da shi ba na amarya ba ne. A watan Satumba na 2010 na ɗauke shi, lokacin da ambaliyar Rima ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wani dattijo ne cikin kwalekwale, ya rungume ɗan jan akuya a ƙirji, bayansa kuwa kawunan gero kaɗai ke leƙowa daga ruwa. Yaran da aka haifa bayan nan, in na ba su labari sai su yi murmushi. In na miƙa musu hoton sai su yi tsit.

Ranka ya daɗe, jiharmu na cikin jihohi 11 da shirin ganuwar itatuwa ta Afirka ya ratsa don tare hamada. Kowace damina ana dashe, ana kuma ɗaukar hoto: manyan riguna, sabon shebur, butar ban ruwa. Ni ma an sha ɗaukata wannan aiki, kuma na karɓi kuɗina, ba zan ɓoye ba. Sai dai ba wanda ya taɓa cewa in koma wurin a watan Afrilu, rana ta ƙwalle, awaki na neman ko da tsinke, in ga dashen na nan ko ya zama tarihi.

Roƙona ke nan. A zaɓi matasa daga Illela da Gada da Tangaza da Gudu, inda tsaro ya ba da hali, a kafa wa kowa turke a wuri guda. Sau biyu a shekara, bayan kaka da gabanin ruwan fari, ya tsaya kan turken nan, ya fuskanci gefe ɗaya, ya ɗauka. Wayar hannu ta isa, tunda tana rubuta rana da wuri. A yi wa tafkin Kalmalo da na Kware da fadamar Wurno haka. A biya su ladan aikinsu, a adana hotunan a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, inda kowa zai iya zuwa ya jera na bara da na bana.

Itatuwan bagaruwa ma a sa su cikin abin da za a riƙa ɗauka, domin da 'ya'yanta majema ke jeme fatar jan akuyar da ta kai sunan Sakkwato duniya.

Abu ɗaya nake tsoro: kada kyamara ta koma bulala. Matar da ke ɗauke da damin itace a ka ba ita ta kawo hamada ba, tuwon dare take nema. A nemi izininta kafin a ɗauka, in kuma hoton ya kawo kuɗi, a kai mata rabonta har gida.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto, Sakkwato