Zuwa ga 'yata, kan binciken nan naki na ƙudan zuma

Assalamu alaikum 'yata, ya karatu ya ƙoƙari? Mamanki tana gaishe ki.

Ranar nan a waya na ji muryarki kamar kin karaya, wai shekara biyu kenan kina zama bakin furanni kina ƙirga ƙwarin da ke sauka, har yanzu ba abin da kika buga a mujalla, abokan karatunki kuma sun yi gaba. Abin ya tsaya min a rai shi ya sa nace bari in rubuto.

Ke da bakinki kika ba ni labarin Darwin, masanin halittun nan na Ingila, a 1862 aka kawo masa wani fure na Madagaska mai dogon bututu kusan santimita 30, yace dole akwai ƙwaron da harshensa ke kaiwa can ƙasa, kuma sai 1903 masana suka bayyana ƙwaron, shi ya rasu tun 1882 bai gani ba. To ke shekara biyu ce ta dame ki? Haba 'yata.

Abin da nake so ki riƙe shi ne littafinki na fili. Rana, lokaci, wane fure, wane ƙwaro, ki rubuta yadda kika gani ko da bai zo daidai da abin da supabaisa, malamin da ke duba aikinki, ke tsammani ba, ranar da ba ki ga komai ba ma ki rubuta sifili. Kar ki taɓa gyara lamba don takarda ta fito, wallahi gara digirin ya yi jinkiri.

Kuma na ji daɗi da ba ki tsaya kan zuman amya kaɗai ba. Nau'in ƙudan zuma sun haura 20,000, yawancinsu ko zuma ba sa yi, kowace ita kaɗai take haƙa raminta ta ajiye garin fure ma 'ya'yanta, ga ƙudaje ga malam-buɗe-littafi har da jemagu, duk suna barbarar tsirrai. Kusan kashi 75 cikin ɗari na ire-iren amfanin gona suna cin moriyarsu, amma feshin maganin ƙwari da share daji suna ta rage su, waye zai san nawa suka ɓace in ba irinku suka zauna suka ƙirga ba?

Ki riƙa sa hula in za ki fita rana, takardar neman tallafin nan ki tura ta kafin lokaci ya ƙure. Allah ya yi miki albarka.

Babanki