Ina gyaɗar da aka tsince take tafiya?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana a kan fumfuna, abin da muke gani kullum a rumbu da buhu har ido ya saba da shi.

Bayan kakar bara na ziyarci ƙanwata, na tarar da ita a tsakar gida tana tsintar gyaɗa a faifai. Masu ƙiba da haske tana zubawa a buhun da za a kai kasuwa. Waɗanda suka motse, da masu kore-kore a tsagarsu, tana jefa su cikin wata ƙwarya a gefenta. Na ce, "Waɗannan fa, zubarwa za a yi?" Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce, "Haba Yaya, ana zubar da abinci ne? In an soya an matse mai, wa zai gane? Abin da ya rage kaji su ci." Wato mai kyau ta tafi ga baƙi, gurɓatacciyar kuma ta koma cikin 'ya'yanta. Ban ga laifinta ba, domin babu wanda ya taɓa gaya mata abin da ke cikin ƙwaryar nan.

Wannan koriyar fumfuna masana suna kiranta Aspergillus flavus. A cikin ƙasar gona take zaune, kuma ta fi samun gyaɗa da masara idan ruwa ya ɗauke da wuri, ko ƙwari suka huda ƙwayar, ko aka ɗura amfanin a buhu bai gama bushewa ba. Tana fitar da guba mai suna aflatoksin. Ba a gano gubar ba sai a 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu har aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba ita ta fi damuna ba. Abin tsoron shi ne ɗan kaɗan da ake ci yau da gobe. Gubar ba ta da launi, kuma wutar suya ko tafasa ba ta gamawa da ita. Idan aka matse mai, mafi yawanta a cikin tunkuza take zama, ita ce kuma ƙuli-ƙulin da muke dakawa a yajin tsire da daton rama. Hanta take ci a hankali har ta kai ga sankara, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Saniyar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da wani kaso a nononta. Binciken da aka yi a Benin da Togo ya nuna alaƙa tsakanin gubar da tsumburewar yara, musamman bayan yaye.

Kada mai karatu ya ɗauka dangin nan duk sharri ne. Baƙar ƙurar nan mai kama da gawayi da ake gani ƙarƙashin ɓawon albasa 'yar'uwarta ce, Aspergillus niger. A 1917 wani masani a Amurka, James Currie, ya gano cewa idan aka ciyar da ita sukari tana samar da sinadarin tsami irin na lemon tsami. Yau kusan duk irin wannan sinadarin da ake sakawa a lemon kwalba da alawa daga gare ta yake fitowa. Mutanen Japan sun daɗe suna haɗa abincinsu da wata daga cikin dangin, daga wata kuma aka samo lovastatin, maganin rage kitsen jini.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Sun tattaro ita wannan Aspergillus flavus daga gonakin Najeriya, suka zaɓi nau'o'in da ba sa fitar da guba, suka shafa su a jikin gasasshiyar dawa, suka rina ta shuɗi don kada a ci. Sunan abin Aflasafe. Manomi zai watsa kilo 10 a hekta guda, mako 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar mamaye gonar. Gwaje-gwaje sun nuna gubar tana raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Sai da ɗan gari akan ci gari.

To amma na tambayi manoman ƙauyenmu, ban sami wanda ya taɓa jin sunan ba. Har yanzu a ƙasa ake shanya, wani lokaci a bakin kwalta, raɓa ta sauka a kai, a kwashe a jingina buhu da bango. Wasu ma ruwa suke yayyafa wa gyaɗa don ta yi sauƙin ɓarewa, ko ta ƙara nauyi a sikeli.

Roƙona gare ka, Edita, ka tura wakilinka kasuwar Dawanau da unguwannin masu ƙuli-ƙuli, ya tambayi wa ke sayen gyaɗar da aka tsince, nawa ake sayar da kwanonta, kuma ina take ƙarewa. Sannan a samo malamin gona da likitan hanta su yi bayani da Hausa: a shanya a kan tamfol ko tabarma, a bari ƙwaya ta bushe har ta yi ƙara a cikin kwanso, a ɗora buhu a kan katako, wadda ta yi fumfuna kuma a binne ta, kada a ba kaji ko dabbobi. Ƙanwata dai ta yarda ta binne tata, bayan na biya ta kuɗin kwano 2.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu daga Bichi, Jihar Kano