Waƙafi na cinye wa yaranmu maki a Turanci

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafinku na ilimi in yi magana kan wani abu da ke damuna a matsayina na malamin Turanci a sakandare.

Duk shekara in sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai a yi ta kukan yara sun faɗi Turanci, a ce ba su san kalmomi ba. Ni kuwa abin da jan birona ya fi zagayewa a littattafansu shi ne waƙafi. Yaro zai cika rabin shafi bai ɗiga aya ko ɗaya ba.

Laifin ba na daƙiƙanci ba ne. A Hausa muna jera ganguna, wato sassan jimla masu ɗauke da aikatau, da waƙafi kawai: ya tashi, ya yi alwala, ya tafi masallaci. Daidai ne, har da daɗin ji. Sai yaro ya kwashi wannan salo ya kai Turanci, ya rubuta "He came late, he missed the test." Nan fa ya ɓata. Kowane ɓangare jimla ce mai tsayawa da ƙafarta, kuma a daidaitaccen Turanci waƙafi shi kaɗai ba ya ɗaure irin waɗannan biyun. Ko dai ya raba su da aya, ko ya sa waƙafi mai ruwa (;), ko ya bar waƙafin ya ƙara mahaɗi irin "so" ko "and". In ya ga dama ya fara da "Because", ganga ta farko ta zama dogarau, wato ba ta tsayawa da ƙafarta, waƙafin ya zauna daram. Kalmar da ta fi yaudarar har manya ita ce "however", don ana ɗaukarta kamar "but", alhali in ta shiga tsakanin cikakkun jimloli biyu sai an sa aya ko waƙafi mai ruwa kafinta.

A insha'in WAEC akwai maki 10 da aka ware wa tsabtar rubutu, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Kurakurai 20 sun isa su share su kaf, ko da labarin ya yi ma'ana.

Don Allah, Edita, ku ware wani lungu duk mako a riƙa bayanin wannan da Hausa, da misalai daga harsunan biyu gefe da gefe. Mu malamai za mu riƙa yanka shi muna liƙawa a bangon aji.

Naka,
Wani malamin Turanci daga Zariya