Kafin A Sayo Maganin Ɓera, A Fara Neman Inda Yake Shigowa

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon a tsakura mini fili a wannan jarida mai farin jini in ce wani abu game da ɓera a ɗakin girki. Da zarar uwargida ta ji ƙwaras-ƙwaras a bayan kabad cikin dare, ko ta wayi gari ta tarar an huda ledar fulawa, shawarar da kowa ke fara ba ta ita ce a aika a sayo maganin ɓera. Ni a ganina guba ce ta ƙarshe a layi, in ma har za a kai gare ta. Kicin ɗin da ke da kafar shiga da abinci a buɗe, ko an kashe ɓera goma yau, wasu goma na nan tafe. Macen ƙaramin ɓeran gida kwana 19 zuwa 21 take yi da ciki, ta haifi biyar ko shida, kuma takan yi haka sau biyar zuwa goma a shekara. 'Ya'yan kuwa da sun yi kamar sati shida su ma sun isa haihuwa. Mai kashe su ɗai-ɗai bai toshe hanya ba, ɗiban ruwa yake yi da rariya.

A fara da sanin wane ne baƙon, kuma kashinsa ne zai faɗa. Na ƙaramin ɓeran gida bai wuce milimita 3 zuwa 6 ba, baƙi, mai tsini a baki biyu, kamar ƙwayar shinkafa. In ya kai milimita 12 ko fiye, to babban ɓera ne, kuma tarkonsa daban, halinsa daban. Sabon kashi yana da sheƙi da laushi. Tsoho ya yi toka-toka, ana taɓa shi da tsinke yake farfashewa. Ɓera ɗaya yakan yi sama da guda 50 a yini, saboda haka yawan kashi ba lallai ne ya nuna yawan ɓeraye ba, amma yana nuna hanyarsu. Ƙaramin ɓera ba ya nisa da gidansa, tsakanin mita 3 ne zuwa 10. Ke nan in ana ganin sabon kashi a kicin kullum, sheƙarsa na cikin kicin ɗin ko a jikin bangonsa.

A ɗauki tocila a duƙa. A jawo firji, domin injinsa na ba da ɗumi kuma akwai ɗan faranti a ƙasa da ruwa ke taruwa. A zaro durowar ƙasan kuka, wato na'urar girki ta gas ko lantarki. A leƙa ƙarƙashin kabad, wancan sararin da ke bayan katakon da ya rufe ƙafafunsa, wanda tsintsiya ba ta taɓa shiga ba. Abin da ake nema: yagaggiyar takarda ko tsumma da aka dunƙule wuri ɗaya, wani baƙin maiƙo a gefen rami inda jikinsa ke goga, da zarnin fitsari. In an rasa gane hanyar, a barbaɗa fulawa siririya a gindin bango da daddare. Da safe za a ga sawun ƙananan ƙafafu da jan wutsiya a tsakiya, har inda suka shige.

Kashin nan kada a share shi a bushe. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin tsintsiya na tayar da ƙurar da ta haɗu da fitsari da kashi, mutum ya shaƙa. Ɓeraye iri-iri na ɗauke da cututtuka iri-iri: salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969, da hantabairos da ya kashe mutane ta hanyar huhu a kudu maso yammacin Amurka a 1993 (sunan daga kogin Hantan na Koriya ya samo asali, ba daga hantar cikinmu ba). Ba kowane ɓera ke ɗauke da su ba, amma ba a ganewa da ido. A buɗe taga da ƙofa na minti 30, a sa safar hannu ta roba da takunkumi, a haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9, a jiƙa wurin sharkaf, a bari minti 5, sannan a kwashe da takarda a ƙulle a leda biyu. Kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanke-wanke, hayaƙinsu guba ne. Abincin da aka ga alamar haƙori ko kashi a ciki a zubar, ba a tsince a ci sauran ba.

Sai abinci. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ƙaramin ɓera ke ci a yini bai wuce giram 3 ba, ƙasa da cikin ƙaramin cokali, kuma ba a wuri ɗaya yake ci ba, nan gutsure can gutsure. Ruwa ma bai dame shi ba, ɗanshin da ke cikin abinci ya ishe shi. Wato ɓurɓushin da ya zube a bayan kuka kaɗai zai riƙe shi kwanaki. Leda, kwali da buhu duk ba su hana shi komai. Hatsi, gari, sukari, taliya, a juye su a gwangwani, kwalba ko bokitin roba mai kauri da murfin da ke kamawa gam. Buhun da ya yi girma a ɗaga shi daga ƙasa, a janye shi daga bango yadda za a iya leƙa bayansa. Kwanukan dare a wanke su a daren, kwandon shara a rufe, abincin kyanwa ko kare kada ya kwana a ƙasa. Wannan ba tsabta ce kawai ba: ɓeran da ya ƙoshi ba ya kallon tarko.

Yanzu ga babban aikin, wanda aka fi gudu saboda sai an duƙa an sha ƙura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramin ɓera na bi ta kafar da ba ta wuce milimita 6 ba; duk inda biro ya shiga, a ɗauka ƙofa ce. Yana hawa bangon da ba sumul ba, yana bin waya da bututu, yana tsallen kusan santimita 30, don haka kada a tsaya duba ƙasa kawai. Wuraren da aka fi samu su ne inda bututun ruwa ya huda bango a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda tiyon gas ko wayar wuta ta shigo, magudanar ruwa da ba ta da marfi, ragar taga da ta yage a kusurwa, haɗin silin da bango, sai kuma ƙasan ƙofa.

Abin toshewa kuwa dole ya fi ƙarfin haƙori. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, shi ya sa yake gwaguyar katako, roba da wayar lantarki, kuma wannan gwaguyar ce ke jawo gobara a wasu gidaje. Tsumma, takarda, soso da kumfar nan da ake fesawa ta kumbura, duk aikin dare ɗaya ne a wurinsa. Ƙaramar kafa a cusa mata soson ƙarfe a danna sosai da sukurdireba, sannan a shafe da siminti, domin in aka bar soson haka zai jawo shi waje. A wurin da ke da laima a nemi soson da ba ya tsatsa, kuma kada ya taɓa wayar wuta. Babban rami a rufe da ragar ƙarfe mai idon da bai wuce milimita 6 ba, a kafa da ƙusa ko sukuru. Ƙasan ƙofa a buga masa falankin ƙarfe har ya kusa taɓa daɓe. Abu ɗaya da za a kula: kafofin da ke fita waje a toshe su tun ranar farko, amma wanda ke shiga cikin bango ko silin a bar shi tukuna a ɗana tarko a bakinsa. In aka rufe shi da ɓeraye a ciki, ko su huda wani wurin, ko su mutu a can a yi ta fama da ɗoyi.

Tarko kuwa, wannan na katako ko roba mai ƙarfen da ke faɗowa har yanzu babu kamarsa. Matsalar ita ce ana sayo ɗaya, a ajiye a tsakiyar ɗaki, a ɗora masa ƙaton yanki, sannan a ce ɓeran ya yi wayo. Ƙaramin kicin yana bukatar shida zuwa goma a dare ɗaya, domin daren farko aka fi kamu. Ɓera ba ya gani sosai, da gashin bakinsa yake shafa bango yana tafiya, ba ya son fili. Saboda haka a jingina tarkon da bango kamar harafin T, bakin da ke da abincin yana taɓa bangon, ta yadda daga dama ya fito ko daga hagu zai taka. A sa tazarar mita 2 zuwa 3 tsakaninsu, inda kashi ya yi yawa kuma a jera biyu kusa da juna, saboda wani yakan tsallake na farko ya faɗa na biyu. Abin ɗanawa ya zama mai danƙo da ƙamshi, kamar markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kuma kada ya wuce girman ƙwayar masara. A shafa shi ya manne, yadda sai ya lasa da ƙarfi. Ɗan audugar da aka ɗaure da zare ma na kama mace mai neman kayan sheƙa.

Da safe tarkon da kansa zai faɗi abin da ya faru. In abincin ya ɓace bai tashi ba, ko an sa da yawa, ko an ɗana shi da tauri, ko tururuwa da kyankyasai ne suka cinye, ko kuma tarkon babban ɓera ne da ƙaramin bai da nauyin tayarwa. In ya tashi babu komai, galibi an shimfiɗa shi ne a tsawon bango, ko ɓeran ya fi ƙarfinsa. In ba a taɓa shi ba har dare uku, ba hanyarsa ba ce, ko akwai abincin da aka manta a buɗe. A matsar da shi. Ƙaramin ɓera mai son leƙe-leƙe ne, sauya wuri ma jawo shi yake yi. Babban ɓera kuwa yana tsoron baƙon abu, sai an bar masa tarkon da abinci ba a ɗana ba na 'yan kwanaki ya saba. Gidan da ke da yara, a sa tarkon cikin kwali a huda masa ƙofa a gefe biyu.

Gam ɗin ɓera ba na ba da shawararsa. Ƙura na kashe danƙonsa, ɓeran da ya manne yakan daɗe yana kuka yana fitsari a kai, har Ingila ta hana jama'a amfani da shi tun 2024. Na'urar da ake sakawa a soket wai ƙararta na korar ɓera, tun 2001 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni sama da 60 su kawo hujjar abin da suke talla. Ƙarar ba ta ratsa kabad, ɓeran kuma yana sabawa. Man na'a-na'a kwana biyu ya gushe. Kafur bai kore shi ba, ga shi yana fasa jinin masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, musamman jarirai. Kyanwa na kama na fili, amma ba ta shiga bayan firji.

Guba iri biyu aka fi gani. Akwai mai tsinka jini, dangin wata guba mai suna wafarin da aka fara sayarwa a 1948, wanda a kwalinsa za a ga an rubuta bromadiolone ko brodifacoum. Sai ya yi kwana uku zuwa bakwai kafin ya kashe, kuma a tsakanin nan ɓeran na yawo, yana kwasar ƙwayoyin yana ɓoyewa a wasu wurare, har cikin kayan abinci. Zancen wai yana fita neman ruwa ya mutu a waje ba gaskiya ba ne. A sheƙarsa yake mutuwa, ɗoyin ya yi sati ɗaya ko biyu. Kyanwa ko mujiyar da ta ci gawar ita ma ta sha. Yaron da ya haɗiye ta ba ya nuna alama nan take, a kai shi asibiti tare da kwalin ba tare da jira ba, maganinsa bitamin K1 ne. Na biyun ita ce baƙar hoda mai warin tafarnuwa, wadda ke sakin wata iska mai guba da ake kira fosfin a cikin wanda ya ci ta, kuma ba ta da makari. Ƙwayar da ake turara wa hatsi a sito ita ma fosfin take saki, kuma ta sha hallaka iyali a ɗakin barci. Kada a kuskura a jefa ta ramin ɓera a cikin gida. In dole sai an sa guba, to ya zama dunƙulalliya ce a soke cikin akwati mai kulle, a waje ko a wurin da ba a ajiye abinci.

Ba ranar da aka daina kamu ake kwashe tarko ba. 'Ya'yan da ke sheƙa suna fara fitowa ne wajen sati uku da haihuwa, don haka a bar biyu ko uku a ɗane na wata guda, ana sabunta abincinsu duk bayan 'yan kwanaki. A goge tsohon kashi tas domin a gane sabo, a maimaita barbaɗa fulawa. In sati biyu suka wuce babu sawu, babu kashi, sai a toshe kafofin cikin da aka bari. In kuwa ana ta kamu ba ya ƙarewa alhali an toshe komai, kuma gidan haɗe yake da na maƙwabta ta silin ko bututu, to daga can suke gangarowa, sai an zauna da maƙwabtan an ɗana tarko dare ɗaya.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum.